An ce mu dawo ofis, kamfani kuma yana kira na: in ajiye aikin gwamnati?

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kina lafiya. Ina aiki a sashen kasafin kuɗi na gwamnatin birninmu, saura wata biyar in cika shekara goma. Tun lokacin korona nake yin kwana uku a gida, biyu a ofis, kuma ba a taɓa kuka da aikina ba. Yanzu sabon magajin gari ya ba da umarni kowa ya dawo ofis kwana biyar. Daga gidana zuwa ofis tafiyar awa ɗaya da kwata ce, ga yara biyu ƙanana. Ana cikin haka wani kamfani mai zaman kansa ya yi mini tayin aiki, albashinsu ya fi nawa da kashi 30 cikin ɗari, kuma sun ce daga gida zan riƙa yi gaba ɗaya. Maigidana ya ce in karɓa tun kafin su canja ra'ayi. Mahaifina, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya ce kada in saki reshe in kama ganye. Ni kuwa raina a ɓace yake, har na rubuta takardar ajiye aiki, tana nan cikin kwamfutata. Mako biyu suka ba ni in ba da amsa. Yaya zan yi?

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Takardar nan da kika rubuta, ki bar ta inda take. Kada ki goge ta, domin mai yiwuwa ki buƙace ta nan gaba, amma kada ki tura ta a wannan makon. Ɓacin ranki yana da dalili, kuma zan zo kansa. Sai dai akwai abin da ya fi shi gaggawa, wato waɗannan wata biyar da suka rage miki.

A yawancin gwamnatocin birane, fansho ba ya zama haƙƙin ma'aikaci tun ranar da ya kama aiki. Akwai adadin shekarun da sai ya cika su kafin a ce ko ya zauna ko ya tafi, za a biya shi idan ya kai shekarun ritaya. A wasu wuraren shekara biyar ne, a wasu goma. Birnin New York na Amurka, alal misali, sababbin ma'aikatansa sai sun yi shekara goma suke cancanta, har zuwa 2022 da aka rage zuwa biyar. Wanda ya tafi kafin ranar cancanta, galibi abin da aka riƙa cira daga albashinsa kawai ake mayar masa, kason da gwamnati ta zuba domin sa kuwa ya tafi ke nan. Saboda haka gobe da safe, kafin ki yi magana da kamfani ko da Baba ko da kowa, ki tuntuɓi ofishin fansho, ki tambaye su abu biyu a rubuce: wace rana ce cancantarki za ta tabbata, kuma me za ki samu idan kika tafi kafin ranar da bayanta. Ki tambayi garatuti, da inshorar lafiya ta bayan ritaya, da kuɗin hutun da ba ki ci ba, domin su ma sau da yawa a kan shekarun aiki aka ɗaure su. Idan tsarinku na asusun kai ne, wanda kuɗin yake bin mai shi duk inda ya tafi, to maganar wata biyar ta yi sauƙi. Idan kuwa a shekara goma aka ɗaure shi, wallahi babu ƙarin albashin da zai sa in bar ki ki tafi da saura wata biyar.

Ina nanata wannan ne domin ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa barin wani wurin aiki cikin fushi, bayan wata takarda da aka raba mana da rana tsaka wadda ta canja mana tsarin aiki ba tare da an nemi jin ta bakinmu ba. Na kwashe 'yan kayana a kwali, na miƙa mukulli, na fita ina jin na huce. Bayan makonni na koma karɓar haƙƙina, wata dattijuwa a sashen kula da ma'aikata ta buɗe fayil ɗina, ta ɗora yatsa a kan ranar da na kama aiki, ta ɗago ta dube ni ta saman gilashinta, ta ce, "Yarinya, wa ya ba ki shawara? Wata bakwai fa ya rage miki." Ban ce komai ba, domin babu wanda na tambaya. Har yau idan na tuna yatsan nan a kan takarda sai gabana ya faɗi.

Amma kada ki ɗauka cika shekara goma zai sa ki zama mai arziki. Irin wannan fanshon lissafinsa uku ne ake ninkawa: shekarun aiki, da wani kaso da doka ta ƙayyade, da matsakaicin albashin shekarun ƙarshe. A ce kason 2 cikin ɗari ne a kowace shekara, shekara goma za ta ba ki kashi 20 na albashinki na yanzu, kuma ba za ki fara karɓa ba sai kin kai shekarun ritaya, lokacin da tsadar rayuwa ta riga ta cinye wani ɓangarensa. Romon tsarin yana wajen wanda ya daɗe, shi ya sa masu shekara ashirin da biyar ba sa motsi ko an yi musu tayi mai tsoka. Ke kina tsakiya ne, kin yi nisan da bai kamata ki tafi hannu rabbana ba, amma ba ki yi nisan da fansho zai ɗaure miki ƙafa ba.

Sai kashi 30 ɗin nan. Ban yi mamakin tayin ba. Albashin gwamnati a matse yake tsakanin sama da ƙasa: ƙaramin ma'aikaci yakan fi takwaransa na kamfani samu, mai ƙwarewa ta musamman kuwa yakan samu ƙasa da abin da kasuwa za ta biya shi. Dalili shi ne albashin yana bin matakai, kasafin kuɗi sai majalisa ta amince da shi, kuma kowane ƙari sai an kare shi a gaban masu biyan haraji. Ke da kike sashen kasafi kin fi ni sanin wannan. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2024 kan ma'aikatan gwamnatin tarayya, ya haɗa albashi da sauran haƙƙoƙi, ya gano cewa masu takardar sakandare ko ƙasa da haka sun fi takwarorinsu na kamfanoni da kusan kashi 40, masu digirin ƙwarewa (irin na likita ko lauya) ko digirin digirgir kuwa suna ƙasa da kusan kashi 22. Na tarayya ne, amma irin wannan matsewar ce ake gani a birane. Saboda haka idan kin ji kamar ana biyan ki ƙasa da darajarki, ba ƙorafin banza kike yi ba.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Ki ɗauko takardar albashinki ta watan jiya, ki ajiye ta kusa da takardar tayin, ki bi su layi-layi. Nawa haraji zai ɗauke daga ƙarin? Nawa gwamnati take zubawa a fanshonki kowane wata, nawa kamfanin zai zuba? A Amurka, alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago na 2023 sun nuna kashi 86 na ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi suna da damar samun fansho mai tabbataccen adadi, a kamfanoni kuwa kashi 15 ne kacal. Abin nufi, a kamfani galibi ke za ki tara wa kanki, kuma daga cikin wannan kashi 30 ɗin za ki cire. Inshorar lafiya ta ku huɗu fa, wa zai biya, kuma nawa? Hutun shekara kwana nawa ne? Sannan ki duba ko duka ƙarin albashi ne tsayayye, ko an cusa ladan ƙarshen shekara a ciki, wanda in kasuwa ta yi kyau a bayar, in ba ta yi ba a ba ki haƙuri.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne awanni. A ce yanzu kina yin awa 40 a mako, can kuma aikin zai riƙa cin 50. Kin ga an ƙara miki kuɗi da kashi 30, an ƙara miki aiki da kashi 25, ribar kowace awa ba ta wuce kashi 4 ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kada ki tambayi mai ɗaukar aiki wannan, zai ce miki suna mutunta lokacin iyali. Ki nemi wani da yake aiki a sashen da za a kai ki, ko wanda ya bar wurin kwanan nan, ki tambaye shi ƙarfe nawa saƙo na ƙarshe yake shigowa da dare, kuma me yake faruwa idan ba a amsa ba.

Yanzu ki juya takardar ki lissafa ɗaya gefen, domin zaman ma yana da tsada. Kwana uku aka ƙara miki na zuwa ofis, kowace rana awa biyu da rabi a hanya. Awa bakwai da rabi ke nan a mako, kusan yinin aiki guda cur wanda ba wanda zai biya ki. A shekara ya haura awa 300. Ga kuɗin mota, ga kuɗin mai kula da yara na ƙarin awanni, ga fita tun yaran ba su gama farkawa ba, ki dawo kin tarar ƙaramin ya yi barci da takalminsa a ƙafa. Masana tattalin arziki sun auna darajar wannan. Alexandre Mas da Amanda Pallais, a binciken da suka wallafa a 2017, sun gano cewa matsakaicin ma'aikaci zai yarda ya bar kusan kashi 8 na albashinsa domin a ba shi damar aiki daga gida. Ga uwa mai 'ya'ya biyu da doguwar tafiya, ya fi haka. Umarnin magajin garinku rage albashi ne a fakaice, ko da ba a taɓa ko sisi a takardarki ba, kuma wannan ne tushen ɓacin ranki.

Ina fahimtar dalilan da shugabannin birane suke kawowa. Mai kwashe shara da direban bas da ɗan kwana-kwana ba su taɓa yin aiki daga gida ba, kuma ana son jama'a su tarar da mutum idan sun zo ofis. Amma ban yarda cewa wahalar da mai lissafin kasafi a hanya tana rage wa mai kwashe shara komai ba. In ana son adalci, a kyautata wa wanda dole ne ya fito. Abin da irin wannan umarnin yake haifarwa shi ne masu ƙwarewa irinki, waɗanda dama albashinsu yake ƙasa da na kasuwa, su rasa abu ɗaya da yake riƙe su.

To amma ga inda nake so ki buɗe ido. Abin da ya same ki a gwamnati zai iya samun ki a kamfani, kuma cikin sauƙi. Kamfanin Amazon ya sanar a watan Satumba na 2024 cewa ma'aikatan ofis su dawo kwana biyar daga Janairun 2025, alhali da yawansu sun tsara rayuwarsu a kan akasin haka. "Sun ce daga gida zan riƙa yi," in ji ki. Wa ya ce? A ina aka rubuta? Idan a waya aka faɗa miki, ranar da wanda ya faɗa ya bar kamfanin, maganar ta bi shi. Ki nemi a sa a cikin takardar ɗaukar aiki cewa wurin aikinki gida ne, a faɗi sau nawa za a iya kiran ki ofis da wanda zai biya kuɗin tafiya, a kuma faɗi abin da zai biyo baya idan suka canja tsari: sanarwar wata nawa, da kuɗin sallama idan ba za ki iya bi ba. Yadda suka karɓi wannan buƙatar zai nuna miki irin mutanen da za ki yi wa aiki. Ki kuma tambayi tsawon lokacin gwaji da kuɗin sallama idan aka rage ma'aikata. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023, kuma waɗannan kamfanoni ne masu riba. Kafin ki tafi, ya kasance kuna da ajiyar da za ta riƙe gidan na wasu watanni.

Aiki daga gida gaba ɗaya kuma ba irin wanda kika saba ba ne. Ke kwana uku kike yi a gida a wurin da kowa ya san fuskarki shekara tara. Can za ki shiga ne baƙuwa, ba wanda ya san ki sai ta allon kwamfuta. Nicholas Bloom na jami'ar Stanford ya yi gwaji biyu a wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin. A na farko, wanda aka wallafa a 2015, masu amsa waya da aka tura gida kwana huɗu a mako sun fi ƙwazo da kashi 13, amma ƙarin girmansu ya ragu idan aka kwatanta da ƙwazon nasu, kuma da aka ba su zaɓi kusan rabinsu suka koma ofis, da yawa saboda kaɗaici. A na biyu, wanda mujallar Nature ta buga a 2024, an raba ma'aikata 1,612, wasu suna yin kwana biyu a gida. Barin aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman ga mata da masu doguwar tafiya, kuma ba a ga illa ga ƙwazo ko ƙarin girma ba. Tsarin da aka ƙwace miki shi ne wanda bincike ya fi yabawa. Wanda ake miki tayi yana da daɗi, amma sai kin yi da gaske kafin a tuna da ke ranar rabon muƙami.

Wannan binciken na biyu makami ne a hannunki, ki yi amfani da shi kafin ki yanke ƙauna daga inda kike. Umarni irin wannan ba kasafai yake zama yadda aka fara shi ba. A New York, magajin gari Eric Adams ya dage sai kowa ya dawo ofis a 2022, amma a 2023 babbar ƙungiyar ma'aikatan birnin ta samu yarjejeniyar gwajin aiki daga gida har kwana biyu a mako. A birnin Philadelphia na Amurka kuwa, magajiyar gari Cherelle Parker ta mayar da kowa ofis daga 15 ga Yulin 2024, ƙungiyar ƙwadago ta je kotu, alƙali bai dakatar da umarnin ba. Ana samu, ana rasawa. Ki je wajen wakilin ƙungiyarku ki ji ko ana tattaunawa. Ki je wajen shugabarki, ba da fushi ba, ki gaya mata kin samu tayi, ki tambaye ta ko akwai hanyar keɓe wasu sassa, ko matse awannin mako cikin kwana huɗu, ko canja lokacin shigowa don kauce wa cunkoso. Albashi ba ya hannunta, amma lokaci wani zubin yana hannunta. Kada dai ki yi barazanar tafiya sai kin shirya tafiyar da gaske.

Game da Baba, maganarsa ta mai ƙauna ce kuma ta wanda ya ga jiya. Aikin gwamnati ya riƙe shi har ya tarbiyyantar da ku, ba za ki ce ya yi kuskure ba. Amma reshen ma yana iya tsagewa. Birnin Detroit na Amurka ya shiga fatarar kuɗi a 2013, aka rage fanshon tsofaffin ma'aikatansa na gama-gari da kashi 4.5, aka kuma soke musu ƙarin da ake yi duk shekara saboda tsadar rayuwa. Ba a cika ganin haka ba, kuma har yanzu aikin gwamnati ya fi na kamfani tabbas nesa ba kusa ba, amma ke da kike ganin littafin kuɗin birninku kin san lafiyar asusun fanshonku fiye da kowa a gidan. Kada ki je masa da gardama. Ki je masa da takardun nan biyu da amsar ofishin fansho, ki ce, "Baba, taya ni dubawa." Mutumin da ya yi aikin ofis shekara da shekaru yana girmama takarda, kuma zai iya hango miki abin da ni da ke ba mu gani ba. Maigidanki kuma ki zaunar da shi ku yi lissafin tare, domin idan aikin kamfani ya tsaya wata rana, a kansa nauyin zai faɗa, gara ya amince yana sane.

Ga inda na tsaya. Idan ofishin fansho ya tabbatar cewa a shekara goma cancantarki take, ki amsa wa kamfani cewa kina so, amma ki nemi su ɗaga ranar fara aiki, ki faɗa musu dalili ƙarara. Masu ɗaukar ƙwararru sun saba jin irin wannan. Hutun da kika tara da wa'adin sanarwar ajiye aiki za su iya cike wani ɓangare na wata biyar ɗin, amma ki tabbatar a rubuce cewa ana ƙirga su cikin shekarun aiki. Idan suka ce ba za su jira ba, ki nemi su biya ki abin da za ki rasa a matsayin kuɗin shiga. Idan wannan ma suka ƙi, ki bar tayin ya wuce, ki daure wa hanya na wata biyar kina neman wani, domin ƙwarewar da ta jawo wannan tayin tana nan tare da ke.

Idan kuwa cancantarki ta riga ta tabbata, ko suka yarda su jira, kuma suka rubuta maganar aiki daga gida, kuma bayan duk cire-ciren nan ragowar ƙarin ya kai rabin abin da suka faɗa, ni ina ganin ki tafi. Ki tafi lafiya da kowa, ki miƙa aiki a tsare, ki tambayi sashen kula da ma'aikata ko dokarku ta ba da damar hutu ba albashi ko dawowa aiki da shekarunki na baya, ki karɓi amsar a takarda. Sannan ki buɗe waccan takardar da ke cikin kwamfutarki, ki cire duk jimlar da fushi ya rubuta, ki bar layi uku: godiya, da ranar tafiya, da sa hannu.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya raya yaran. Ki rubuto mini abin da ofishin fansho ya ce.